Wa ya fara rufa gidan shuka da leda maimakon gilashi?

Ɗalibin Lambu:

Assalamu alaikum malamaina. A darasinmu na noman kayan lambu an ambaci wani farfesa Ba'amurke da ake kira uban gidan leda, aka wuce ba a tsaya a kansa ba. Wane ne shi, kuma mene ne ainihin abin da ya ƙirƙiro, tunda leda dai ba shi ya yi ta ba? Sannan gidajen ledar da ake kafa wa masu tumatir da tattasai yanzu, tsarinsa ne ake bi ko an sauya?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam ɗalibi. Sunansa Emery Myers Emmert, farfesan noman lambu a Jami'ar Kentaki da ke Lexington. An haife shi a 1900, ya rasu a 1962. Gaskiyarka, ba shi ya yi leda ba. Kamfanin ICI na Ingila ne ya gano irin ledar da ake kira foliyetilin a 1933. Aikin Emmert shi ne a 1948 ya rufa gidan shuka da ita a madadin gilashi.

Ka duba abin da ke gabansa a lokacin. Gidan gilashi sai mai hali: gilashin da tsada, ga nauyi, dole a yi masa ƙarfe ko katako mai kauri da tushen siminti, ƙanƙara kuma ta sauko ta farfasa shi. Leda ba ta da nauyi, don haka ƙaramin manomi na iya haɗa firam da katakon da ke hannunsa, ya ja leda a kai, ya danne gefenta da siraran katako da ƙusa. Da wannan sai ya samu tumatir da latas tun sanyi bai gama wucewa ba, ya kai kasuwa kafin kowa, a lokacin da kaya ke da daraja.

Bai tsaya nan ba. Ya yi aiki a kan shimfiɗa leda bisa kunya don riƙe laima da kashe ciyawa, da kuma ƙananan rumfuna na waya da ake lanƙwasawa a kan layin shuka a lulluɓe da leda. Ya kuma nuna amfanin yin rufi biyu a bar iska a tsakani. Kafin duk wannan ma an san shi da gwajin ruwan jikin shuka don gane ko tana ƙarancin naitirojin ko fosfaras, abin da ba a cika tunawa da shi ba yanzu.

Raunin ledar zamaninsa shi ne rana. Ba a sa mata sinadarin kariya ba, sai ta bushe ta yi ta tsagewa cikin watanni. Shi ya sa ake ɗora ta da kaka, a cire idan zafi ya shigo, a sayi sabuwa badi.

Injiniyan Ban-ruwa:

Malam ya kawo tushen. Zan ɗora a kan batun rufi biyu, don a nan ake yawan haɗa mutum biyu a zata ɗaya ne. A tsarin farko, leda ɗaya ana buga ta a bayan katako, ɗaya a ciki, kaurin katakon ne ke raba su. Aiki ne mai cin rai, kuma iska na kaɗa ledar har ta yage a bakin ƙusa. Wanda ya warware wannan shi ne Farfesa William Roberts na Jami'ar Rutgers a jihar Niu Jasi, a 1964. Ya ɗora ledojin biyu duka a waje, ya ɗaure gefensu gam, ya hura iska a tsakani da ƙaramar fanka. Sai rufin ya kumbura ya yi tauri, iska ta daina wasa da shi, zafin da ke tserewa da dare kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada da leda guda.

Ƙa'idojin haɗa shi kaɗan ne amma ba a wasa da su. Matsin iskar ɗan kaɗan ake so, wajen milimita 5 zuwa 10 a ma'aunin ruwa. Ana auna shi da siririn tiyo mai haske da aka lanƙwasa kamar harafin U aka zuba ruwa, bakinsa guda a tsakanin ledojin, ɗayan a sake; bambancin tsayin ruwan a ɓangarorin biyu shi ne matsin. In matsin ya yi yawa, ledar ta miƙe ta yi sirara, ba ta komawa. In ya yi kaɗan, ta saki ta riƙa gogar ƙarfe. Fankar kuma daga waje za ta ja iska. Idan ta ja ta cikin gida mai ɗumi da laima, raɓa za ta taru tsakanin ledojin, gansakuka ta fito, haske ya ragu. Dama kowace leda na cin kusan kashi goma cikin ɗari na haske.

Ledar yanzu ta wuce ta Emmert nesa ba kusa ba. Kaurinta maikiron 150 zuwa 200 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), da sinadarin kare ta daga rana, tana kai shekara uku zuwa huɗu. Abin da ke kashe ta kafin lokaci sanannu ne: ƙarfen da ya ɗauki zafi yana gasa ta a inda suka haɗu, don haka a shafa wa bayan ƙarfen farin fenti ko a naɗe shi da tef. Bututun roba na PVC ma yana cin ta in suna gogayya. Maganin feshi mai farar wuta ko kulorin yana lalata sinadarin kariyar. Sannan a ja ta da ɗumin hantsi ba iska; wadda aka ja da tsakar rana ta yi tam, in dare ya yi sanyi sai ta ƙanƙance ta tsage a gefe. Leda mai hana ɗigar raɓa kuma tana da fuskar da dole ta kalli cikin gida, a karanta rubutun jikinta kafin a ɗora.

Hajiya Mai Tattasai:

Ɗana, ɓangare na biyu na tambayarka shi ne mai muhimmanci gare ka. Emmert da Roberts duk da sanyi suke faɗa, kowane abu a tsarinsu don tsare zafi ne. Wanda ya kwafi wannan ya kafa a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, tanda ya gina. Tumatir in zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, ƙurar furensa na mutuwa, furen ya zube, shuka ta yi kore shar ba ɗa. Gida mai leda har ƙasa kuwa yana wuce zafin waje da digiri goma ko fiye.

Don haka a ƙasar zafi rufin sama kaɗai ake ɗauka daga tsarinsu, leda guda ba biyu ba. Amfaninta tare ruwan damina daga ganye, wanda ke rage cututtukan fungas. Gefuna raga ake sa wa. Tsayin gefe kada ya gaza mita uku, huɗu ya fi, da taga a ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fita. Wuraren shan iska su kai aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙasan gidan. Raga mai lamba 50, wato mai ƙananan ramuka sosai, ita ce ke tare farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, amma tana toshe iska ƙwarai, ƙurar hunturu kuma na ƙara cushe ta, sai an riƙa wanke ta da ruwa. Ƙofa biyu ake yi da ɗan zaure a tsakani, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Tsutsar nan da ake kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ƙaramar huda ta ishe ta, kuma in ta shiga gida rufaffe ta fi ɓarna fiye da a fili.

Ledar kunya ma haka. Baƙa tana ƙara wa ƙasa zafi, abin da Kentaki ke nema ke nan. Da bazara a nan mai fari ko ruwan azurfa a sama, baƙi a ƙasa, ita ta dace, a shimfiɗa tiyon ban-ruwa na ɗigo a ƙarƙashinta tukuna.

Malamin Gona:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari biyu kawai. Gida mai mita 8 a 24 murabba'in mita 192 ke nan, a shuka biyu da rabi kowace mita bai wuce tushe 480 ba. Masu cusa 700 su ne ke kuka da ruɓewar ganye. Kuma da yake raga ta rage iska ta kuma hana ƙwari shiga, babu mai girgiza fure ƙurarsa ta zuba a samu ɗa. Sai a bi wayar da aka ɗaure tumatir a riƙa bugunta da sanda da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta take, aƙalla sau uku a mako.