Zama da ƙwararre ni kaɗai ko shiga ƙungiyar masu irin larurata: da wanne ya kamata in fara?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum. A kwanakin baya likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini cewa ina da ADHD, wato larurar da ke hana mutum tattara hankalinsa wuri guda, kuma ya ce akwai fargaba tare da ita. Ya rubuta mini magani, sannan ya ba ni shawarar in haɗa da zaman tattaunawa, ko dai ni kaɗai da masanin halayyar ɗan'adam, ko kuma a ƙungiyar taimakon juna ta masu irin larurar. Ba ni da sukunin yin biyun a yanzu. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini amfanin kowanne, musamman batun sirri, domin ba na so abin da na faɗa ya fita waje.

Malam Sani:
Wa'alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Allah ya ƙara sauƙi. Tun da fargaba ta shigo ciki, shawarata ita ce ki fara da zama ke kaɗai. Hanyar da aka fi amfani da ita ana kiranta CBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa domin gyara tunani da ɗabi'a, wadda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Akan zauna sau ɗaya a mako na kusan awa guda, kuma galibi akan kammala cikin 'yan watanni, ba abu ne na har abada ba. Ƙwararren zai sa ki rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya fara zo miki, da yadda jikinki ya ji, sannan ku zauna ku auna tunanin nan ku ga ko gaskiya ne ko fargaba ce ta kambama shi. Ga mai ADHD akan ƙara da aiki na zahiri, kamar rarraba babban aiki zuwa ƙanana da tsara lokaci ta hanyar da ba ta dogara da tunawa ba.

Game da sirri kuwa, ƙwararre ƙa'idar aikinsa ta ɗaure shi ya riƙe amanarki, sai fa idan akwai barazana ga rayuwarki ko ta wani, kuma ya kamata ya faɗa miki wannan tun zaman farko. 'Yan ƙungiya alkawari kawai suke yi wa juna. Ki kuma bambance zaman jinya na rukuni, wanda ƙwararre ke jagoranta da tsari, da ƙungiyar taimakon juna, wadda sau da yawa masu larurar ne da kansu ke tafiyar da ita.

Maman Amir:
'Yar'uwa, ban saɓa wa Malam Sani ba, amma ina so in faɗi abin da ƙungiya ke bayarwa wanda ƙwararre ba zai iya ba, komai iliminsa. Wanda aka gano larurarsa bayan ya girma ya shafe shekaru ana ce masa malalaci ko marar kula, har ya yarda cewa haka yake. A wani zama da na halarta, wata baiwar Allah ta ce akwai saƙonni a wayarta da ta karanta, ta amsa a zuciyarta, amma makonni sun wuce ba ta tura amsar ba, kuma kunya ta hana ta kiran mutanen. Kafin ta rufe baki kusan kowa yana gyaɗa kai. Wannan jin cewa ba kai kaɗai ba ne shi ne tushen irin waɗannan ƙungiyoyi tun lokacin da aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Amurka a 1935 domin masu fama da shan giya.

Sai dai ki kiyaye da abu guda: kada ki rage magani ko ki daina sha don wani ya ce haka ya yi kuma ya ji daɗi. Wannan tsakaninki da likitanki ne.

Aminu:
Yayata, ba lallai ne zaɓin ya zama na dindindin ba. Akwai ma hanyar jinya mai suna DBT, wadda wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, Marsha Linehan, ta tsara, da ke haɗa zaman mutum shi kaɗai da zaman rukuni na koyon dabaru. Idan kin fara da ƙwararre, ki tambaye shi tun farko ko ya taɓa aiki da manya masu ADHD, domin ba kowa ne ya saba da su ba. Idan kuma daga baya kika leƙa ƙungiya, ki nemi sanin wanda ke jagoranta da ƙa'idarsu ta sirri, kuma kina da damar ki zauna ki saurara kawai a zaman farko ba tare da kin ce komai ba.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da zama ni kaɗai, in bari fargabar ta lafa kafin in nemi ƙungiya. Malam Sani, idan bayan wasu zama na ga hankalina bai kwanta da ƙwararren ba, shin ya dace in faɗa masa kai tsaye kafin in nemi wani?