Wai addinin Kirista da na Hindu tushensu ɗaya?

Ɗan kabu-kabun Zariya: Salama alaikum ƴan fada. Wani fasinja da na ɗauko daga babbar kasuwar Maradi ya rantse mini cewa Kirista da Hindu tushensu ɗaya. Waɗannan suna cewa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, waɗancan Brahma, Bishnu da Shiba. Uku nan, uku can. Ni dai maganar ta shige ni.

Malamar asibiti: Haba ƙanena, kama da wane ba ta wane. A wurinmu Kirista Allah ɗaya ne, ba a raba masa aiki gida uku ba. Abin da Uba ya yi, da Ɗa da Ruhu aka yi shi. Tun taron shugabannin coci a Nikiya na shekarar 325 aka rubuta cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya.

Malamin tarihi a lise: Gaskiyar Malama. Su Hindu rabon aiki ne: Brahma ya yi halitta, Bishnu ya riƙe ta, Shiba ya rushe ta. Kuma a aikace ba kai ɗaya ake bauta musu ba. Yawancinsu Bishnu suka riƙe, ko Shiba, ko uwar allahiya. Brahma mai halittar ma wuraren bautarsa ƙalilan ne, wanda aka fi sani yana Pushkar, jihar Rajastan a Indiya.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Malam, a yi wa ɗan kabu-kabu adalci. Littafin Farawa, na farko a Baibul, ya buɗe da duhu a kan zurfi, Ruhun Allah yana shawagi bisa ruwaye. A Rigbeda, tsohon littafin waƙoƙin addinin Hindu, kashi na 10, waƙa ta 129, nan ma duhu ne ya lulluɓe duhu, ko'ina ruwa. Wannan fa?

Malamin tarihi a lise: Ka karanta, amma ka kai ƙarshenta. Waƙar tambaya take yi: wa ya san inda halitta ta fito, tunda alloli ma daga baya suka zo? Ta rufe da cewa mai kallo daga ƙololuwar sama shi ya sani, ko kuwa wataƙila shi ma bai sani ba. Farawa ba ya tambayar kowa. Umarni ne ake bayarwa, abu ya kasance: haske ran farko, rana da wata ran huɗu, mutum ran shida. Kuma Hindu ba labari ɗaya gare su ba. A waƙa ta 90 an yi hadaya da Purusha, mutumin asali mai kai dubu, wata ya fito daga zuciyarsa, rana daga idonsa, malamai daga bakinsa, mayaƙa daga hannuwansa, ƴan kasuwa da manoma daga cinyoyinsa, masu hidima daga ƙafafunsa. Ka ga nan duniya daga jikin abin bautar ta fito. A Farawa kuwa Mahalicci daban, halitta daban, Adamu daga turɓaya.

Hajiya mai atamfa: To Malama, mu ma kwana shida muka sani. Amma hutun nan na rana ta bakwai shi ne ban gane ba. Suratu Ƙaf ta ce gajiya ba ta shafe Shi ba.

Malamar asibiti: Hajiya, mu ma ba mu ce ya gaji ba. Littafin Annabi Ishaya sura 40 ta faɗa ƙarara cewa ba ya gajiya. Aiki ne ya kammala, ya tsarkake ranar.

Baba mai goro: Ƴaƴana, Hindu ake magana, kada ku juyo da ita gida. Malam ci gaba.

Malamin tarihi a lise: Baba, inda suka fi rabuwa shi ne lokaci. Kirista ya ce an yi duniya sau ɗaya, mutum ya mutu sau ɗaya, sai hukunci. Hindu ya ce kamar damina da rani ne, ta zo ta wuce ta dawo. Yini guda na Brahma shekara biliyan 4.32 ne, ya ƙare a naɗe duniya, gari ya waye a sake shimfiɗa ta. Zamanin da suka ce muna ciki, Kali Yuga, shekara 432,000 gare shi. Rai ma haka, a mutu a sake haihuwa gwargwadon aikin mutum.

Ɗan kabu-kabun Zariya: Duk na ji, amma ban sauka ba. An ce su ma suna da nasu Annabi Nuhu.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Manu ke nan. Ya ceci ɗan ƙaramin kifi, kifin ya gargaɗe shi ruwa na zuwa, ya ce ya sassaƙa jirgi, sannan ya ja jirgin har dutsen arewa. Malam, nan kam ba ka da ta cewa.

Malamin tarihi a lise: Labarin yana nan, ban musa ba. Sai dai a tsohuwar ruwayar Manu shi kaɗai ya tsira, jirgin Nuhu kuwa mutum takwas Farawa ya lissafa, aka kuma yi alkawari da bakan gizo cewa ba a ƙara hallaka duniya da ruwa. Su kuma Manu 14 ne ke zuwa bi da bi a yinin Brahma guda.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko: Bambancin adadi ne kawai. Mutanen Babila ma suna da labarin jirgi da ambaliya. Wa ya ji daga bakin wa, shi nake so a amsa mini.

Hajiya mai atamfa: Ni kifin nan ne ya tsaya mini a rai. Wai shi ma Bishnu ne?

Malamin tarihi a lise: A littattafansu da suka zo daga baya haka suka ce, Hajiya. A tsohuwar ruwayar kifi ne kawai.