Fiziks ko lissafi? Ina son karanta kosmoloji nan gaba

Ɗan aji shida:
Assalamu alaikum yayyena, dan Allah ina neman shawara. Bana zan rubuta JAMB kuma burina in Allah ya yarda in yi mastas da digirin digirgir a kosmoloji, wato ilimin yadda sararin samaniya ya faro da yadda yake ta faɗaɗa, tun ranar da malaminmu ya ce mana shekarunsa sun kai biliyan 13.8 abin ya ƙi barin raina. To wane kos zan cike, fiziks ko lissafi ko kwamfuta? Baba shi injiniyanci yake so in yi.

Mai mastas a fiziks:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cike fiziks kawai. Amma ka sani tun yanzu aikin nan ba kallon taurari ba ne da daddare, rabinsa lissafi ne, don gaba ɗaya kosmoloji a kan ka'idar da Einstein ya fitar a 1915 take zaune kuma ba za ka gane ta ba sai ka iya lissafin tensa, wato irin lissafin da aka rubuta ka'idar da shi. Ni da na zo mastas ban taɓa ganin tensa ba, wata uku na yi ina zama bayan sallar asuba da littafi ɗaya da biro ina bin layi layi ina sake warwarewa har ta zauna min. Saboda haka duk kwas ɗin zaɓi da aka ba ka, ɗauko shi daga sashen lissafi. In kana iya tafiya nesa, jami'ar Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin taurari a haɗe.

Malamar lissafi:
Ni kam ba zan ce lissafi ya fita ba, wanda ya yi shi da kyau yana iya tsallakawa, sai dai zai sha wahalar cike giɓin darussan fiziks irin su kwantom da tamodainamiks. Abin da nake so ka riƙe shi ne sakamako, ka fito da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, da shi ake neman AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka wadda Neil Turok ya kafa a 2003, shi kansa masanin kosmoloji ne, suna da cibiya a Ghana da Kamaru da Ruwanda. Akwai kuma difloma ta ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa, a Trieste ta ƙasar Italiya.

Ɗan aji shida:
Na gode sosai Malama, Allah ya saka da alheri. To kwamfutar fa?

Mai mastas a fiziks:
Ba sai ka yi digiri a kanta ba, ka fara koyon Python, wato wani yaren rubuta kod na kwamfuta, tun aji ɗaya a jami'a tare da istatistiks, bayanan da na'urar hangen sararin samaniya ta MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu ke tarawa da kod ake tace su. Batun Baba kuma ka zauna da shi cikin ladabi, ka nuna masa wanda ya iya fiziks da kod yana samun aiki a harkar data ko da bai ci gaba da karatun ba.