Cikin M3 mai lantarki da ke tafe: wa ya taɓa tuƙa mota mai gudu da allo kaɗai?

Mai Giya Shida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. BMW ta ce M3 mai lantarki za ta fito a 2027, da injin lantarki huɗu, kowace taya da nata. Ƙarfin bai dame ni ba, cikin motar ne ya tsaya mini a rai. Bisa dukkan alamu za ta ɗauki tsarin da aka nuna a baje kolin CES na Las Vegas a Janairun 2025, wanda iX3, jif ɗin BMW mai lantarki, ta fara fitowa da shi: ba agogon maleji a bayan sitiyari, sai wani siririn allo da ya miƙe a ƙasan gilashin gaba daga wannan gefe zuwa wancan, ga kuma allon tsakiya mai inci 17.9. Murɗin iDrive, wanda ake juyawa a sarrafa allo da shi, da ke tsakanin kujeru tun 2001 kuwa an sallame shi. Wanda ya taɓa tuƙa salun mai gudu da irin wannan ciki, ya faɗa mana abin da ya gani a kan titi, ba a hoto ba.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Tawa ba zan kira sunanta ba, amma sitiyarinta irin mai shafe-shafen nan ne, babu maɓallin da ke nutsewa in ka danna. A miƙaƙƙen titi lafiya lau. Da zarar ka shiga kwana da ɗan gudu ka damƙe sitiyari sosai, sai tudun tafin hannunka ya goge shi, ka ji rediyo ya sauya tasha ko murya ta tashi sama kana tsakiyar lanƙwasa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na'urar sanyi. Gilashi ya yi raɓa cikin ruwan sama da dare, kana neman inda za ka danna, allon kuma yana haska maka fuska. A tsohuwar motata hannuna ne ya san wurin, ido ba ruwansa.

Hajiyar Totur:
Malam Mai Giya Shida, ni dai na ɗana iX3 ɗin, kuma siririn allon nan ba abin tsoro ba ne. Da na zauna na zaci zan yi ta leƙen bayan sitiyari ina neman maleji, sai na ga kafin mu yi nisa idona ya saba. Lambar gudun tana nan daf da inda kake kallon titi, ba sai ka sunkuyar da kai ba. Mu gajeru ma ya fi yi mana daɗi, don a yawancin motoci in na daidaita sitiyari yadda hannuna ke so, sai bakinsa ya rufe mini rabin agogo. Kuma ba duk maɓallan aka kwashe ba, na ƙara murya yana nan, haka na fitilar gargaɗi. Ku riƙa raba allon da ake kallo da allon da ake taɓawa, ba hukuncinsu ɗaya ba.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, na taɓawar ne matsala. A 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare da ke Suwidin ta gwada wannan a filin jirgi, ana gudun kilomita 110 a awa, direba na yin ƙananan ayyuka irin su sauya tashar rediyo da daidaita zafi. A Volvo V70 ta 2005, mai maɓallai zalla, daƙiƙa 10 ya gama. A MG Marvel R sai da ya kusa daƙiƙa 45, motar ta ci fiye da kilomita ɗaya. To wannan fa gudun 110 ne, ku auna da motar da aka ƙera don ta ninka hakan. Shi ya sa Euro NCAP, hukumar Turai mai ba motoci taurari gwargwadon kariyarsu daga hatsari, ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, fitilar gargaɗi, hon, waifa da kiran gaggawa suna da maɓalli ko sanda ta gaske wajen ba da tauraro biyar. Volkswagen ma ta mayar da maɓallai na gaske kan sitiyarin Golf a 2024.

Dogo:
Ku kuna ta allo, ni kujera ce damuwata. Na zauna a irin kujerun kabon ɗin nan masu zurfi, masu tudu a tsakanin cinyoyi. Cikin kwana sun riƙe ni gam, ban gusa ko kaɗan ba, wannan na yaba. Amma shiga da fita aiki ne, sai ka dafa sitiyari ka ɗaga jiki ka tsallake gefen, in kuwa tafiya ta yi tsawo cinyarka ta hagu ce za ta fara ba ka labari. Mai salun ai da iyali yake tafiya wani lokaci. Duk wanda zai yi oda, ya zauna a kujerar tukuna, kada hoto ya ruɗe shi.

Baban Ummi:
Alhaji Dogo, ka bar sitiyari mai laushin nan na Alcantara, yadin nan mai ɗan gashi-gashi, a baya. Sabo, daɗin riƙewa kamar me. Bayan gumin hannu ya ratsa shi sai gashin ya kwanta ya koma sulɓi, dole ka riƙa goge shi da ɗan buroshi. Fata ta fi haƙuri. Abin da na taɓa kamawa a mota ya burge ni har yau shi ne faratan canza giya na Alfa Romeo Giulia Quadrifoglio: dogaye, na alminiyom, kafe a jikin sandar sitiyari ba sa juyawa da shi. Duk yadda ka murɗa, na dama yana dama, na hagu yana hagu, ga sanyin ƙarfe a yatsa da ɗan ƙaran "ƙas" in ka ja.

Direban Dare:
Sai baƙin roba mai sheƙi da suke shimfiɗawa a tsakanin kujeru. Kwana biyu ya cika da shatin yatsu, makulli ya ɗan goge shi ya bar zane, da rana kuma ya watso maka haske a ido. A cire shi kawai.

Mai Giya Shida:
Hajiya, kin ɗan sanyaya mini gwiwa a kan siririn allon, na karɓa. Amma murɗin nan zan yi kewarsa, don da shi kana iya zaɓar abu gwiwar hannunka na kwance, ko titi na da gargada yatsa ba ya kuskure.

Injiniya:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne kujerar baya. A salun mai lantarki batir yana shimfiɗe a ƙarƙashin daɓe, rufi kuma ana son ya yi ƙasa saboda iska, sai daɓen ya taso. Na zauna a bayan wata irin wannan, gwiwoyina sun tashi sama, cinyata ba ta taɓa kujera ba, ƙafa kuma ta ƙi shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Porsche ta bar rami a batirin Taycan daidai inda ƙafar na baya ke sauka don maganin haka. Ranar da M3 ɗin ta iso, Dogo, kai za mu sa a baya mu ga yadda za ta kaya.