Musayar Waƙa: Inna na Son Biki, Ni Ina Son Zariya

'Yar Fari: Salamu alaikum. Mai amsawa ya amsa da baiti, ban da dogon wa'azi.

Inna ta kwashi adashi, kuɗinta na shekara,
Ta sai gado da kwalla, ta jera ta tattara,
Buhun shinkafa biyu ta ɓoye saboda gara,
Ni ko Jami'ar ABU ta ba ni gurbin karatun jinya, na ce a ɗan jira.

Uwar Biyar:

'Yata, ki ji tsoron bakin duniya,
Sa'anninki na ɗaki, wasu har da goyo a baya,
"Ta yi kwantai" za a ce, ke kina can Zariya,
Uwarki ce za ta sha habaici gidan suna da kunya.
Abin da babba ya hango, ko rimi kika hau ba kya gani, ɗiya.

'Yar Fari:

Mama, daren da Yaya ke naƙuda ban manta ba,
Inna ta rantse namiji ba zai duba 'yarta ba,
Muka kwana kan benci muna jira har asuba,
Ungozoma ɗaya ce tal, layi bai zo kanmu ba.
Kowa na son mace ta karɓi haihuwa,
Wa zai ba da tasa 'yar ta koyo? Ba a faɗa mini ba.

Malam na Gwale:

Nana Asma'u na ɗakin Giɗaɗo Waziri,
Take naɗa wa jaji, malamar mata, malafa, ta aika ta gari-gari,
Har bayan rasuwarta 'Yan Taru, mata ɗalibai, na ɗaukar darasi da wa'azi da zikiri.
A ɗaura auren, a sa karatu cikin sharaɗi tun fari.

Goggon Yara: Malam, a gafarce ni, wannan kam ba zan yi shiru ba.

Sharaɗin nan da kake faɗi, an yi shi a kaina,
An ce zan ƙarasa WTC, kwalejin horon malamai mata, gaban Baffa da Kawuna,
Daga tarewa sai ya kulle akwatin littattafaina,
Na kai ƙara gida, aka ce haƙuri ne maganina.
Da ya rasu, da kaskon ƙosai na ciyar da 'ya'yana.
Yarinya, karɓo takardarki, kwalla ba ta tsami a ɗakin Inna.

Uwar Biyar: Kai Goggo, zuga ta kike yi! To shi ke nan.

Ni ba karatun nake ƙi ba, nisan nake tsoro,
Shekara biyar ba wanda zai ce mata bari, ba kwaɓa ba horo.
In dai kin dage, kar ki tari Innarki cikin taro,
Bari sai dare, kishiya ta shiga ɗaki, ki je da goro,
Ki tafi da Kawunki, shi take jin nauyi tun yana yaro.