Wa ya taɓa aiki da injin buga takardu na kamfanin Heidelberg a nan Legas?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Ogana a Shomolu injin Heidelberg samfurin Kord 64 gare shi, tokunbo, injin ya girme ni nesa ba kusa ba amma har gobe shi ke buga mana fosta da kalanda. Duk wanda ya taɓa aiki da injinan kamfanin nan ya ba mu labari.

Baba Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Yaro ai Kord ɗan bana-bakwai ne. Ni da Tiegel na koyi aiki, wanda hannuwansa ke juyawa kamar fanka, ɗaya na ɗaukar takarda ɗaya na ajiyewa, in ka kai kanka kusa to sai dai wani ba kai ba. A 1914 suka fito da shi, ba su daina ƙerawa ba sai 1985. Yanzu sa lamba a rasit da yankan kwali kawai ake da shi a Mushin, amma lafiyarsa lau.

Makanikin Injin: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin mamakin ma kamfanin da zuba ƙararrawa ya fara, wani Andreas Hamm a garin Frankenthal na Jamus, 1850, sai 1896 aka koma da shi garin Heidelberg. Kuma sun daɗe suna jan ƙafa kan ofset ɗin nan da muke ci da shi, wato bugun da faranti ke ɗora tawada a kan roba ita kuma ta ɗora a takarda, sai 1962 suka shiga, injinsu samfurin GTO ya zo 1972. Ni dai gyaransu nake, ƙarfen ba ya mutuwa wlh, rola ce ke cinyewa, sai ka ga mutum ya ƙi sayen sabuwa yana ta zagin injin alhali shi ne bai wanke tawada tun jiya.

Maman Ilham: Ni kwastoma ce kawai. Katin bikin ƙanwata aka buga min da mai kala ɗaya, wai sai takarda ta shiga sau huɗu, aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, fuskar amarya ta fito biyu-biyu, ranar har kuka na yi.

Ɗan Agege: Ayya Hajiya, saiti ne ya goce. Irin wannan aikin Speedmaster mai kala huɗu ake kai wa, shiga ɗaya an gama, sai dai lokacin zaɓe ba za ki samu layi ba. Oga Makaniki, rolar Kord nawa take yanzu?