Baitalami: gidan nama ne ko gidan burodi?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare a fada muka yi gardama da wani abokina Kirista ɗan Sabon Gari kan sunan Baitalami, garin da suke cewa nan aka haifi Annabi Isa (AS). Ni da ɗan Larabcin da na yi a makarantar allo na ce Baitu Lahm ai gidan nama ne, shi kuma ya kafe wai gidan burodi ne, har shayinmu ya huce ba mu daidaita ba. Don Allah wa ke da gaskiya?

Mushe:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ku duka biyu kuna kan hanya. A Ibrananci sunan Bet Lehem ne, bet gida, ɗaya yake da baiti na Larabci, wanda muke ji a baitulmali da Baitulmuƙaddas. Lehem kuwa gurasa ce, wani lokaci ma abinci gaba ɗaya. To Ibrananci da Larabci 'yan uwa ne, saiwar kalmar ɗaya ce, l-h-m, sai kowa ya ɗora ta kan cimarsa, manoman alkama da sha'ir suka ce gurasa, Larabawa masu kiwo suka ce nama. Ka duba mu nan Damagaram, in ka shiga kasuwar Dole ka ce a auna maka tiya ɗaya ta hatsi gero za a ba ka ba tambaya, amma a Kano hatsi ya haɗa har dawa da masara.

'Yar Zango:
Mushe Allah ya ƙara sani. Ni abin da ke taɓa min zuciya a littafin Rut na Tsohon Alkawari yake, yunwa ta faɗa wa Baitalami har Na'omi da mijinta da 'ya'yansu biyu suka yi ƙaura zuwa ƙasar Mowab, wato gidan gurasa babu gurasa, kuma da ta dawo sai ta iske an fara girbin sha'ir. Wanda ya ga yunwar 2005 a ƙasar nan ta Nijar ya san mene ne mutum ya bar rumbunsa wayam ya tafi cin rani dole. Rut ɗin nan, surukar Na'omi da ta dawo tare da ita, ita ce kakar baban Annabi Dauda.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai wallahi. To Efrata da ake haɗawa da sunan, a ce Baitalami Efrata, fa?

Mushe:
Ana haɗa su don a bambanta shi da wani Baitalamin da ke arewa a yankin ƙabilar Zabaluna. Namu na Yahudiya ne, wajen kilomita 10 kudu da Ƙudus.